Bangon da Billa Ba Ta Rubuta Ba

A shekarar da ruwan sama ya yi wa Jamus yaji, kogin Rhine ya janye har haƙarƙarinsa suka fito. Jiragen ruwan da suka saba ratsa birnin Kolon maƙare da kwal da mai da kwantena suka koma wucewa da rabin kaya, a hankali, matuƙa na ta rarraba ido kada cikin jirgi ya gogi dutse. Duk abin da garin ya jefa ruwa ya manta kuwa, sai ga shi a shanye: kekuna, kujerun mashaya, har da wata mota da mai ita ya rantse wa 'yan sanda sace ta aka yi. Ran wata Talata wani mai yawo da kare ya hango bom kwance a cikin tsakuwa, ƙasa kaɗan da tashar jiragen unguwar Mülheim, ya yi tsatsa ya yi gansakuka.

Ba wanda ya ɗora hannu a ka. A garin nan duk wanda ya haƙa rami ɗayan biyu zai tarar, ko dutsen ginin Rumawan da ko bom ɗin yaƙin duniya. In dutse ne, masana su zo da 'yan buroshinsu su tsayar da aiki shekara guda. In bom ne, yini ɗaya an gama. Shi ya sa magina suka fi son bom. Aka bi gida-gida da takarda: gobe Laraba ƙarfe tara kowa ya fice daga unguwa. Za a rufe gada, a tsayar da jirage, kuma masu kwance bom ba za su sa hannu ba sai an tabbatar ko mutum ɗaya bai rage ba.

Billa Breuer ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta, ta ɗora kofinta a kai. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci, ba inda za ta.

Shekararta tamanin da uku. Talatin da ɗaya daga ciki ta yi su tana liƙa wa kwalaben turare takarda a wata masana'anta da ke hayin kogi. Gidan da take ciki an gina shi ne bayan yaƙi a kan kufan gidansu na da, ɗakinta a ƙasa, ƙofarta a kan titi. Ta taɓa aure. Mijin mutumin kirki ne, ya sami gida mai lambu a ɗaya hayin, ya yi lallashi har ya gaji, daga ƙarshe shi ya haye ita ta zauna. Ko sunan da ke jikin ƙararrawar ƙofa ba ta yarda an canza ba. Unguwa kuma ta san ta da ɗabi'a ɗaya: ko burodi za ta saya a kwanar layi, sai ta manna 'yar takarda a ƙofa. "Na je kasuwa. Billa." "Ina wurin likitan haƙori, zan dawo sha ɗaya." Maƙwabta na dariya suna cewa ɓarayin Kolon ba su da aminiya kamarta. Ita dai ba ta tanka musu.

Ran Laraba ƙarfe bakwai da rabi waya ta yi ƙara. Ƙanenta ne, Hein, wanda ya shekara arba'in yana raba giya a mashaya, yana zagin masu sha suna ba shi tukuici. Yanzu huhu ya gaza, yana zaune layi biyu daga gidanta da tukunyar iska a gefen kujera.

"Ke tsohuwa, kin tashi ko kin mutu?"

"Sai na binne ka tukuna."

"To ki yi sauri. Ga masu motar asibiti nan sun zo ɗaukata kamar buhun dankali. A makarantar bayan tashar jirgin ƙasa za a tara mu. Ki taho min da burodi da cuku, kin san abincin taro, ruwan zafi ake ce wa miya."

"Ina tafe."

"Kada ki manta ki rubuta wa ɓarayi inda muke."

"Bakinka ya fi huhunka lafiya," ta ce, ta ajiye wayar.

Ƙarya ta yi masa, kuma ba ita ce ta farko ba. Ta farkon tana da shekara tara ta yi ta.

Wata Asabar ce a ƙarshen Oktoba, yaƙi ya shekara biyar, da la'asar sakaliya. Jiniya ta yi kuka, suka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ita da Mama da Hein mai shekara uku. Babansu ya riga ya kwanta dama a Rasha. Yayansu Mattes, ɗan shekara sha shida, yana aiki a jirgin kwal, sun yi sama da kogi, sai bayan kwana uku ake sa ran dawowarsu. Jiragen sama suka yi ta ruwan bom, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba Mülheim ta zama murhu. Suka fasa siririn bangon da ya raba su da ɗakin ƙasan maƙwabta suka fita ta can, Mama na rungume da Hein tana taka kwaltar da ta narke. Kafin su kai bakin kogi tafin ƙafafunta ya saɓule.

A lokacin Kolon ba ta da jarida sai bango. Duk wanda ya tsira zai koma kufansa da alli, ya rubuta a jikin abin da ya rage tsaye: muna raye, muna wuri kaza. Mai dawowa daga fagen fama ko daga kogi ba ya tambayar kowa, bango yake karantawa. In ya tarar da bango wayam, ya san babu wanda ya rage da zai riƙe alli. Wannan ko yaro ya sani.

Washegari da safe Mama na kwance a rumfar jinya, ana shirin ɗora su a keken doki zuwa ƙauye. Ta roƙi alli, aka ba ta, ta damƙa wa Billa.

"Ruga ki rubuta kafin a tashi. Muna raye, muna Lindlar gidan Gwaggo Lisbeth. Manya-manya, yadda Mattes zai hango tun daga nesa."

Billa ta ruga. Layukan duk sun zama iri ɗaya, da hasumiyoyin babban coci biyu da ke tsaye a hayi cikin hayaƙi ta gane hanya. Rabin bangon gidansu na nan. Amma a gindinsa aka jera gawarwakin layin, kafaɗa da kafaɗa, wuta ta ƙanƙance su har manya sun koma tsawon yara. Ta gane matar mai burodi da tarin makullan da ke ƙugunta. In za ta kai bango sai ta tsallaka su. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ta ce wa kanta in ta ƙirga goma za ta yi, ta ƙirga goma ya fi sau goma. Daga nan ta juya da gudu.

"Kin rubuta?" in ji Mama.

"Na rubuta."

Da yaƙi ya ƙare suka dawo, an riga an rushe bangon. Wani tsohon maƙwabci ya ce ya ga Mattes kwana uku bayan gobarar, tsaye a gaban kufan da hula a hannu, tun hantsi har rana ta karkata. Daga nan ya nufi kogi. Bai koma jirginsu ba, ba a same shi a asibiti ba, kuma babu kabari. Mama ta saurara, fuskarta ko motsi. "To ya karanta ke nan," ta ce. "Ya karanta ya ƙi zuwa. Ɗan kogi ne, kogi ya bi." Shekara arba'in tana kan wannan magana. Ranar tunawa da matattu kyandir ɗaya ake kunnawa, na Baba. In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce biyu. Duk lokacin da ta faɗi haka Billa takan ji kamar ta haɗiyi garwashi. Sau ba adadi ta buɗe baki ta sake rufewa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Billa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, har aka binne Mama ba ta faɗa ba.

Kada wani ya ɗauka Billa ta zautu. Ta san in Mattes na raye ya kai casa'in, ta kuma san ba ya raye. Sai dai tun waccan safiyar layinsu bai taɓa zama babu kowa ba sai yau, kuma wani abu a ƙirjinta ya tabbatar mata in zai dawo duba bango, to a irin wannan rana ce. Ba ta so ya tarar da takarda. So take ya tarar da ita, ta faɗa masa da bakinta cewa sun rayu, Mama ta aika, ita ce ba ta rubuta ba.

Ta sauke labule, ta kashe rediyo, ta jawo kujera ta zauna a soron ƙofa. Tana ji ana jan akwatuna, ana kiran karnuka, ana rufe motoci. Ƙarfe tara da 'yan mintuna ma'aikatan gari suka fara bi ƙofa-ƙofa. Ƙararrawarta ta yi ƙara sau uku, aka ƙwanƙwasa, wani namiji ya ɗaga murya ya ce, "Da mutum a ciki?" Ta yi kunnen uwar shegu. Bayan awa guda aka sake zagayowa, ta sake yin shiru. Ta ji mutumin ya ce wa abokin aikinsa, "Nan ma ba kowa," sawunsu ya yi nisa.

Sai gari ya yi tsit. Ba irin tsit na ranar Lahadi ba. Tun tana yarinya akwai wani gunji da take ji ta tafin ƙafa, na injinan jiragen da ke wucewa, ta saba da shi har ba ta san tana jin sa ba sai yau da ya ɗauke. Babu mota, babu jirgin ƙasa a kan gada, ko tantabarun rufi sun yi shiru. Warin taɓon kogi ya shigo ta ƙasan ƙofa, kuma a hancinta ya zo da wani wari a bayansa, na jiƙaƙƙen toka. Ta ce wa kanta tsufa ne. Ta ƙanƙame hannun kujera.

Wajen sha ɗaya da rabi ta ji sawu daga ɓangaren kogi. Ƙwas, ƙwas, a hankali, takalmin katako irin wanda ma'aikatan jirgi suka daina sawa tun kafin ta yi furfura. Mai tafiyar yakan ɗan tsaya ya ci gaba, kamar yana duba gidaje. Sawun ya zo daidai ƙofarta ya tsaya. Ba a taɓa ƙararrawa ba, ba a ƙwanƙwasa ba. An dai tsaya, tsayuwar mai neman rubutu a inda babu.

Taku uku ne tsakaninta da ƙofar. Ta shirya maganarta tun jiya, ta shirya ta tun shekara saba'in da huɗu. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Sai ta ji kanta tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, tsohuwa da ita tana ƙirga goma. Tana kan bakwai sawun ya juya. Ƙwas, ƙwas, ya koma ta inda ya fito.

Sai da ya kusa ɓacewa ƙafar ta sake ta. Ta fizge ƙofa ta fito titi da silifas.

"Mattes!"

Layin ya miƙe fayau har bakin kogi, rana ta dalle shi, babu ko kyanwa. Muryarta ta bugi gidaje ta dawo mata.

"Gwaggo Billa."

Ta waiwaya a firgice. Nurten ce, da rigar aikin ma'aikatan gari da na'urar magana a kafaɗa. 'Yar telan Baturken da ya zauna a saman gidan ce, a hannun Billa ta koyi haruffa, yanzu kuwa ita ma ta fara furfura. Billa ta kalli ƙafafunta. Takalmin roba ne, irin wanda ko a kan tayil ba ya ƙara.

"Ke ce kika tsaya a ƙofata yanzu?"

"Yanzu na shawo kwana, ta sama. Wa kike kira?"

"Ba ki ga kowa ba?"

"Wa zan gani, Gwaggo? Mutum dubu goma mun fitar, ke kaɗai kika rage." Nurten ta share gumi. "Abokin aikina ya ce ya buga sau biyu ba kowa, har ya sa alama. Na ce masa, akwai takarda a ƙofar? Ya ce wace takarda. Na ce to ku dakatar da masu bom, tana ciki. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa ganin kin fita ba ki rubuta ba. In ɓuya za ki yi, ai da kin manna kin tafi, da ba wanda ya dawo."

"A wannan ƙofar ba a rubuta ƙarya," in ji Billa.

Nurten ta kalle ta, ta sassauta murya.

"Gwaggo, ki ji. An tsayar da jirage tun daga can ƙasa. An kwaso tsofaffin gidan jinya da gadajensu, suna kwance a zauren makaranta cikin zafin nan. Kawu Hein ya cire robar iskarsa ya ce da ƙafa zai zo ya ja ki, mutum biyu ne ke riƙe da shi, kuma ya zagi uwar kowannensu. Wallahi ba na so in kira 'yan sanda su ɗauke ki kamar kujera."

"In ya dawo bai tarar da kowa ba fa?"

"Wa?"

"Yayana."

Nurten ta san Billa ba ta da wani ɗan'uwa sai Hein, haka aka gaya wa duk unguwa. Amma ita ma 'yar gidan da ake da maganar da ba a yi ce, sai ba ta tambaya ba. Ta zaro biro daga aljihu, ta yago bayan wata takarda ta miƙa mata.

"To ki rubuta masa mana, kamar kullum."

Billa ta dafa takardar a jikin ƙofa. Daga nan ta rubuta da manyan haruffa, har biron ya huda takardar wuri biyu: MUNA RAYE. BILLA DA HEIN. MUNA MAKARANTAR BAYAN TASHA. Nurten ta karanta, ta kau da kai, ta danna na'urarta ta ce an sami ta ƙarshen.

Zauren wasannin makarantar ya cika maƙil. Yara na tsere tsakanin gadaje, wasu tsofaffi na karta, wani ya zo da akunsa a keji, wata kuma na ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa wannan ne bom ɗinta na shida. Mutanen Kolon ko a bakin kabari sai sun sami abin dariya, kuma maganarsu ɗaya ce, komai dai lafiya yake ƙarewa. Da aka shigo da Billa wani ya ce, "Ga sarauniyar ta iso, sai a fara," aka tafa mata ana dariya. Ba ta ji su ba.

Hein na can ƙuryar zauren a kan keken guragu, an mayar masa da robar a hanci, leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi.

"Ina burodina?"

"Na manta."

"Kin tsayar da kogin Rhine kaf, kuma kin zo hannu rabbana. Me kike yi a gida, kina jiran sabon miji?"

Ta zauna a benci kusa da shi. Ta lura da yadda yake jan numfashi, kowane ɗaya sai ya yi kokawa, sai ta gane in ba yau ba to babu sauran wanda za ta faɗa wa da zai san sunayen mutanen da ke cikin labarin.

"Hein, Mattes bai gudu ba."

Hein ya juyo ya kalle ta, ta ci gaba.

"Bai karanta komai ba. Mama ta aike ni da alli, na je na tarar an jera gawa a gindin bango, na kasa tsallakawa. Na dawo na ce na rubuta. Ya zo ya tarar da bango babu komai, ya ɗauka duk mun ƙone. Ni ce. Shekara arba'in Mama na zaginsa a gabana, ina ji, ban ce uffan ba."

Ta jira ya zage ta. Da ya zage ta ma da ta ji sanyi. Sai ya ɗaga kai yana kallon ragar ƙwallon da ke rataye a saman zauren.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Na sani, Billa. Mama ma ta sani."

Ta dafa hannun kekensa.

"A Lindlar zazzaɓi ya kwantar da ita mako uku," in ji Hein, yana tsayawa tsakanin kalmomi yana jan iska. "Da ta tashi za ta wanke rigar sanyinki, ta sami allin a aljihu. Sabo ful, ko gefensa bai goge ba. Lokacin aikin gama ya gama. A asibiti ta gaya min, saura kwana biyu ta rasu."

"Ƙarya kake yi. In ta sani, don me za ta ce ya karanta? Don me za ta ce 'ya'yanta biyu?"

"Ta ce a ƙauyen ba kya ci, ba kya barci, kullum sai a same ki a bakin rafin bayan gida kina kallon ruwa. Ta ce ɗaya ya riga ya tafi. In ta yi kukansa a gabanki, kin san dalili, ke ma binsa za ki yi. Sai ta ɗora masa laifin, tunda shi ba abin da zai ƙara samunsa." Ya yi tari mai tsawo. "Kin tuna duk shekara cikin hunturu takan haye kogi wai sayen zare? Ba zare ba ne. Wani ɗan coci take zuwa inda ba a san ta ba, ranar waliyyin masu jirgi, a yi masa addu'a. A can take kukanta ta wanke fuska ta dawo."

Billa ta tuna zaren. Akwati guda suka samu bayan rasuwar Mama, baƙi da fari, ko kwance su ba a yi ba, har suka yi ta mamakin rowar tsohuwa. Baƙin ciki ya taso mata tare da fushi, ba ta san wanne ya fi ba.

"Kai kuma shekara talatin da huɗu kana kallona ina manna takarda a ƙofa, kana min ba'a."

"Ina tsokanarki ne ko za ki fashe ki yi magana. Ke kuwa kanki dutse ne."

"Da ka faɗa min."

"Ta sa na yi rantsuwa. Ta ce kada in ɗaga maganar sai kin ɗago ta da bakinki. Ta ce in ba ki ɗago ba, to kin manta ke nan, yarinya ce ke a lokacin. Abin da take roƙo ke nan kullum, ki manta."

Lasifika ta yi ƙara. Wata murya ta sanar an kwance bom lafiya, an buɗe gada, kowa na iya komawa gida. Zauren ya ɗauki tafi da sowa, aka fara naɗe barguna, mai aku ya ɗauki kejinsa. Wani ya fara waƙar biki, rabin zauren suka amsa. Su biyun ba su motsa ba.

"An amsa mata," in ji Billa can ƙasa-ƙasa. "Sai dai ba inda ta roƙa ba."

"Me kika ce? Ɗaga murya, kunnena ma ya yi ritaya."

"Bangon ina ganin sa har yau, kowane bulo. Makullan matar mai burodi zan iya ƙirga maka su. Shi ne na manta. Hotunanmu duk sun ƙone da gidan, kuma tunda ba a ambatonsa ban taɓa tambayar Mama ba. Ɗazu na fita titi ina kiransa, sai da na buɗe baki na ga ko da ya waiwayo ban san fuskar da zan gani ba." Ta kamo hannunsa, ta matse har ya yamutse fuska. "Hein, don Allah, yaya kamanninsa? Dogo ne? Da wa ya yi kama a cikinmu?"

Hein ya kalle ta.

"Shekarata uku a lokacin, Billa," ya ce. "Ni ina zaton ke kike riƙe mana shi."